Wai Ɗalibin Abuja Ba Ya Kwana da Yunwa

Mutanen Kano! Abin da kuke faɗa a kaina ya iso, don dama ba ku iya raɗa ba. Wai yaron nan Bazazzagi sharara ta yake yi, babu yadda za a yi mutum yana karatu a Abuja ya ce ya kwana da garin kwaki a ciki. Wai ai ko iskar garin mutum ya shaƙa sai wuyansa ya yi kauri. Wai da aka ba da dogon hutu ƙin komawa Zariya ya yi saboda daɗi ya riƙe masa ƙafa, yana can bakin tafkin Jabi 'ya'yan ministoci suna miƙo masa lemo mai sanyi. To amin, Allah ya karɓa daga bakinku. Amma kafin addu'ar ta ci, ku gyara zama mu yi lissafi, tunda an ce ku ne gwanayen lissafi.

Wace Abujar ma tukuna? Na lura ku guda ɗaya kuka sani, wadda ake nuno muku a labaran ƙarfe tara na dare: Dutsen Aso a baya, koren rufin Majalisa a gaba, baƙaƙen motoci suna shiga suna fita. Tana nan, ban musa ba, ni ma ina hango ta ta tagar mota. Sai dai yankin Babban Birnin Tarayya ƙananan hukumomi shida ne, akwai ta cikin birni, sannan Bwari da Kuje da Kwali da Abaji da Gwagwalada. Ni a wannan ta ƙarshen nake haya, kan hanyar Lokoja, wajen kilomita 50 daga inda ake raba kuɗin da kuke zargina da ci. Ya ɗara nisan Kano zuwa Wudil ke nan. Yanzu don Allah in mutumin Wudil ya ce muku katangarsu ɗaya da Gidan Rumfa, za ku yarda? Abin haushin, su ma mutanen cikin birnin ba su karɓe mu ba. Ka ce wa 'yar Maitama a Abuja kake, ta ce wane gefe, ka ce Gwagwalada, sai ta dube ka da tausayi ta ce, "Ayya, sannu da hanya, yaushe ka shigo gari?" A gida an ce mun tsere wa talauci, a nan an ce ba mu ƙaraso ba tukuna.

Na san tambayar da ke cin ku: ga Jami'ar Ahmadu Bello a ƙofar gidanku, me ya kai ka can? Gonar kakanni na zo dubawa. Lokacin jihadi Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya ya yo kudu har Zuba, bayansa ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Garin nan shi ne Suleja ta yau. Sunan ne gwamnati ta ara ta laƙaba wa sabon birni, kuma har yanzu ba ta maido mana ba. Ga wani can ya miƙe yana ɗaga hannu, wai ai Murtala ne ya kafa Abuja, Murtala kuwa nasu ne. Gaskiya ne, Alhaji, zauna, kada hularka ta faɗi. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 Janar Murtala ya sanar da ƙasa za a bar Legas, kwana goma bayan nan aka kashe shi, Allah ya jiƙansa, sai 12 ga Disambar 1991 Babangida ya tare. Kun ga an raba ke nan, suna namu, sa hannu naku. Ƙasar kuwa ta Gbagyi ce da sauran waɗanda aka tarar, waɗanda in muna wannan gardamar sai dai su dube mu su gyara zaman doyarsu a kafaɗa su wuce.

Makarantu ba ɗaya ba ne a nan. Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, a Gwagwalada ta fara kafin a gina mata mazauni kan hanyar filin jirgi, kuma a Disambar 2024 gwamnati ta amince a sa mata sunan Yakubu Gowon. Ga masu zaman kansu, Baze da Nile da Veritas, ga makarantar horar da lauyoyi a Bwari, ga kwalejin ilimi a Zuba. Ɗaliban nan da kuke gani a Instagram suna kaɗa makullin mota a ɗan yatsa akwai su, ni ma ina gaishe su in sun sauke gilashi. Wacce ce tawa a ciki? Ba zan faɗa ba, akwai malamin da sakamakona ke hannunsa har yanzu.

Mu uku ne a ɗaki: ni, da wani Batibi daga Binuwai, da wani ɗan Igala mai karatun lissafin kuɗi, wanda shi muka naɗa ma'aji saboda ba ya dariya. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ɗakin nan tanderun gurasa ne, mu ne kuma gurasar, na faɗa da yarenku don ku gane. Zafin Gwagwalada ba irin naku ba ne mai busar da gumi. Wannan jiƙa mutum yake yi ya bar shi a jiƙe. Ana ɗauke wuta sai ka ga duk gidan an fito tsakar gida da katifu, sauro kuma ya ce sannunku da fitowa. Ruwa sai mun tare ɗan ga-ruwa da kurarsa, a yi ciniki jarka-jarka, kuma ranar da rijiyar burtsatse ta unguwa ta ƙi, shi ne gwamna, sai ka ce masa ranka ya daɗe ya juyo.

Abinci kuwa wata ne ke yanka mana shi. In kuɗi ya shigo daga gida, makon nan har ƙwai biyu ake fasawa a kan Indomie, ana kiran mai suya da sunansa. Da wata ya raba sai garau-garau, mai da yaji, ana auna man da murfin kwalba. Daga ashirin ga wata Batibin nan ne gatanmu, domin ba ya dawowa daga gida sai da doya, kuma Allah ya yi shi da hannun kyauta. In doya ta ƙare sai gari da ƙuli-ƙuli. A kwanakin ne za ku ga ɗalibi ya tuna da falalar azumin Litinin da Alhamis, ya kuma tuna yana da wata 'yar'uwar kakarsa a Kubwa da ya daɗe bai gaishe ta ba. Mai shayin bakin layinmu, mutumin Maraɗi ne, yana da littafin bashi da ya fi rajistar ajinmu cika. Ba ya rubuta suna, kama yake rubutawa da ajami: mai gilashi, dogon Zariya, wanda ba ya sallama. Dogon Zariya ya kusa cika shafi biyu. Ku zo ku karanta da kanku in kun iya ajamin.

Sai ga wata mai hijabi can baya tana cewa ai ta ji a rediyo gwamnati na biyan ɗalibai albashi. Hajiya, ba albashi ba ne, bashi ne. Asusun lamunin karatu da aka buɗe a Mayun 2024 yana biya wa wanda ya samu kuɗin makaranta, ya kuma ba shi naira 20,000 a wata na kashewa, za a biya bayan an gama an samu abin yi. Rediyon da kika ji shi Kawuna ma ya ji. Tun daga ranar ya zaftare abin da yake turo mini, ya ce kada ya shiga hurumin gwamnati.

Yanzu maganar hutu, wadda ita ce ta fi tsone muku ido. Ɗalibin Ingila ya san daga Yuni zuwa Satumba yana gida, ko kakansa haka ya yi. Mu namu hutun ba ya da mazauni. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta yi yajin aiki na wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, tun daga nan jadawalin karatu yake ta ɗingishi, kowace jami'a da nata lissafin. Yayyenmu da suka shiga karatun shekara huɗu sun fito da gemu. To ni nawa hutun bana a tsakiyar damina ya faɗo, kuma bai zo shi kaɗai ba, ya zo da horon sanin makamar aiki, wanda muke kira Siwes. Wata shida ake tura ɗalibi wani ofis ko masana'anta ya ga yadda ake yi. Ni aka ce a cikin birni. Daɗin da ya riƙe mini ƙafa ke nan.

Bari in ɗora ku a mota ku ɗanɗana. Ana idar da sallar asuba kake bakin titi, domin in gari ya waye kuɗin mota ya tashi, motar kuma ta yi wuya. Motocin da muke hawa ana ce musu alon, ƙananan motoci ne masu ɗiba a hanya, huɗu a baya biyu a gaba, kuma rabinsu ba na haya ba ne tun asali. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ma'aikatan gwamnati da yawa suka koma ɗibar fasinja a hanyarsu ta zuwa ofis. Sai ka ga mutum da kwat da laƙataye yana leƙo kai yana kiran "Eriya Wan, Baja, mutum ɗaya!" In ka yi rashin sa'a ka zama na biyu a gaba, giya a cinyarka za a riƙa sa ta, direba yana cewa "yi haƙuri, ɗan ɗaga" tun daga mahaɗar Giri har Lugbe. Ruwa na sakkowa sai ya buɗe aljihun mota ya ɗauko hannun ɗaga gilashi, guda ɗaya tilo, a riƙa miƙa shi daga ƙofa zuwa ƙofa. Kafin ya zagayo kanka ka riga ka yi wanka na biyu. Titin kuwa, tubarkalla, Titin Umaru Musa 'Yar'aduwa ne, faɗi har faɗi, ga fitilu, ga Ƙofar Birni tana yi maka maraba, ga filin wasa na Moshood Abiola a gefe. Duk wanda ya ga titin zai rantse masu binsa ba su da damuwa.

Dawowa da yamma ita ce jarrabawar gaske, saboda 'yan wan-cans. Ɓarayi ne da ke shiga mota su yi zaman fasinjoji, a bar gurbi ɗaya, in ka shiga a kulle ƙofa, a karɓe waya, a kwashe abin da ke asusunka, a watso ka gefen hanya, wani ma ba ya tashi. Wannan ba abin wasa ba ne, don haka kowane ɗalibi ya zama ɗan sandan ciki. Kafin ka shiga ka dubi gilashi ko mai duhu ne, ka dubi ƙofa ko tana da hannun buɗewa ta ciki, ka dubi fasinjojin ko shirunsu iri ɗaya ne. Ganin mace a ciki ba ya kwantar da hankalin kowa, an daɗe da wuce nan. Ka ɗauki lambar mota ka tura wa abokin ɗakinka. Su ma na cikin motar kallon ɓarawo suke yi maka, musamman ga ka dogo da jaka a baya. A haka za a yi tafiyar awa guda kowa ya ƙanƙame wayarsa, sai an wuce Giri a fara gaisawa.

Me ya hana ka hawa acaɓa, in ji wani. An hana shi a tsakiyar birni tun 2006, Malam Nasiru El-Rufa'i yana minista. Na ji ku, na ji ku, wai ɗan jiharmu ne ya jawo mana. Ku kuma da kuka hana naku a 2013 Bazazzagi ne ya aiko ku? Wani kuma zai ce ai akwai jirgin ƙasa na cikin gari. Akwai shi. Buhari ya buɗe shi a Yulin 2018, ya tsaya lokacin korona, Tinubu ya sake tada shi a Mayun 2024, har aka yi watanni ana hawa kyauta. Mai kyau ne, ga sanyi. Yana zuwa filin jirgi, yana zuwa Idu, yana tsayawa a Gwagwa da Dei-Dei. Mu dai bai san da zamanmu ba.

Ofishin da aka tura ni ba zan ambaci sunansa ba, hawa na huɗu ne, kuma ƙafa ce ke kai mutum. Ranar da labari ya isa gida cewa ina shiga ofis a cikin birni, wayata ta fara cika da takardun neman aiki. Ɗan maƙwabcinmu mai difloma, ƙanin matar Kawu, wani ma da ban taɓa gani ba ya ce tare aka yi mana kaciya. Kowa cewa yake in dai na haɗu da minista a matattakala in miƙa. Jama'a, mafi girman mutumin da na yi magana da shi ido da ido a ginin nan masinja ne, shi ma sai da na rusuna. Aikina fotokwafi ne, da jera fayil, da sauka ƙarfe ɗaya in sayo wa oga sakwara wajen wata mata da ke bayan katanga, wadda in ta hango motar masu kama 'yan talla sai ta kife tukunya a buhu ta zama mai jiran mota. Amma ku ga littafin da nake cikewa kullum don malaminmu ya duba. A ciki na "taimaka wajen sarrafa muhimman takardun gwamnati", na kuma "halarci harkokin walwalar manyan ma'aikata". Duk wanda ya karanta shi zai ɗauka da ni ake tsara kasafin kuɗi. Takardunku suna nan a wayata, ban goge ko ɗaya ba, ministan ne bai biyo ta matattakala ba.

Abin da ya riƙe ni a hutun nan koyarwa ce ta Asabar da Lahadi, a gidan wani Alhaji a Gwarimpa. Ku matso, nan ne naku ya fito. Alhajin Bakano ne na cikin badala, ɗan canji ne a Zon Fo. Ranar farko maigadi, wani dattijo mai carbi, ya leƙo ta ƙaramar taga ya ƙare mini kallo daga hula har silifa, ya ce, "Yaro, sadaka sai Juma'a." Na ce, "Baba, malamin lesin ne." Ya ce to in tsaya a ɗaure kare. Kare a gidan Bakano! Ya kusa kai ɗan maraƙi, kuma na ga kwanon abincinsa, ban so na gani ba. Aka shigar da ni falo, sanyin na'ura ya doke ni har na manta jadawalin sau bakwai. Ga ɗalibina ya fito, ɗan shekara tara, sunan kakansa aka sa masa, ana kiransa da alkunya. Na ce, "Ina kwana?" Ya juya ya dubi uwarsa ya tambaye ta da Turanci me Ankul yake cewa. Ku da kuke yi mana dariya wai Zazzagawa ba mu bambance mace da namiji a magana, ga jikanku nan ko ɗaya bai sani ba. Hajiya ta ji kunya ta ce, "Malam, don Allah a haɗa masa da Hausar, za a ƙara wani abu." Yanzu haka yaron yana jin Hausa, amma irin tamu, kuma ranar da ya je Kano gaishe da kakarsa za ku ji sakamako. Hajiya dai Allah ya saka mata, ba ta taɓa barina na fita ba sai da kula a leda, kuma ranar Asabar ɗakinmu ba a ɗora tukunya.

Wannan ya kawo ni kan abin da na daɗe ina son faɗa. In akwai waɗanda suka ci Abuja, ku ne. Ku je Zon Fo ku ji harshen da ake ƙirga dala da shi, Wapar Kano ce aka ɗauko aka dasa. Ku je wajen masu kilishi a Eriya Wan, ku shiga kasuwar Wuse layin shadda da atamfa, ku leƙa Dei-Dei wajen tumatir da dabbobi, ku tsaya a kasuwar 'ya'yan itace ta Zuba da asuba. Hausa ce ke saye, Hausa ce ke sayarwa. Ku kuna nan kuna tara ta tsaba, sannan ku koma gida ku nuna ɗalibi mai bashin shayi ku ce ga wanda ya ci kuɗin gwamnati.

Amma kada ku ce ban yi yawo ba, na yi, har na gaji. Mun yi karo-karo mun ɗauki bas zuwa Gurara, kan hanyar Suleja zuwa Minna. Da damina ruwan ja ne, yana faɗowa da rugugin da sai ka yi ihu na kusa da kai zai ji, ba kuma mai shiga sai wanda ya gaji da duniya. A hanya mun tsaya a Dutsen Zuma, mun nemi fuskar nan da ake cewa tana jikinsa, mun same ta. Ga wani sirri kyauta: dutsen a jihar Neja yake. Duk ɗan'uwanku da ya turo hoto a gabansa ya rubuta "na iso Abuja lafiya", bai iso ba. Mun je Ushafa wajen masu ginin tukwane, inda Bill Clinton ya kai ziyara a Agustan 2000, mun ga mata suna zagaya yumɓu da hannu har ya tashi ya zama tulu. Sana'ar da ta kai Ladi Kwali Ingila da Amurka ke nan, ita ce kuma kuke gani a bayan naira ashirin, Murtalanku yana gaba. Ku lura da kyau, Abuja da kewayenta suna jikin kuɗi iri-iri. Hedikwatar Babban Banki tana bayan naira dubu, Zuma yana bayan tsohuwar naira ɗari, Kwali tana bayan 'yar Murtala. Ku kuna yi mini lissafi da ta dubu, ni kuwa a ta ashirin nake zaune.

Wanda ba zan manta ba shi ne Mpape. Unguwa ce a kan tudu, saman Maitama, talakawa a sama masu kuɗi a ƙasa. Akwai wani tsohon ramin fasa dutse da aka bari ruwa ya cika shi, bango a tsaye ta kowane gefe, ciyawa ta yi kore shar. Ba wanda ya damu da shi sai a 2020, da hotunansa suka bazu a intanet, ya zama wurin zuwa. Muka shirya ranar wata Lahadi da rana, kula cike da dafa-duka, ledar fiya-wata, da 'yar sifika. Kayan jikinmu kuwa kowa da mai shi. Rigata ta ma'aji ce, gilashin ma'aji na wani maƙwabci ne, farin takalmin Batibi kuma na wani ɗan ajinsu ne da ya ba shi da sharaɗin kada ko ƙura ta taɓa. Samarin unguwa suka tare mu a bakin hanya suka karɓi na shiga, muka hau, muna haki. Daga sama birnin yana shimfiɗe a gabanka, kana iya nuna unguwannin da ba za a bar ka ka shiga ba. Muka yi hotuna, kowa ya sa hannu a aljihu ya kalli gefe. Ba mu kai ga buɗe kula ba gabas ta haɗe. Hadarin Abuja ba ya shawara, iska ce za ta fara zuwa ta kwashe duk abin da ba a danne ba, ruwan ya biyo ta a guje. Hanyar da muka hau da ƙafa biyu da mazaunai muka sauko ta. Batibi ya cire takalmin aro ya cusa a cikin riga yana tafe ba takalmi, yana addu'a da harshe uku. Murfin kula ya yi nasa wuri, dafa-duka ta koma kunu. Muka raɓe a rumfar wata mai gasa masara, muka sayi biyu muka kakkarya, haƙora suna kaɗawa.

Hoton da aka ɗauka minti biyar kafin ruwan nan shi na ɗora a WhatsApp. Shi ne kuma hujjarku, na sani, har an ce wani ya nuna wa Kawu. To me kuke so in ɗora? Littafin mai shayi? Kowa a garin nan haka yake yi. Ku je katafaren kantin bakin tafkin Jabi ranar Asabar ku ga yadda ake shiga a sha sanyi kyauta, a taɓa riga a duba kuɗinta a mayar da ita a hankali, a fito da askirim ɗaya ana lasa har a gama hotuna. Ku je lambun Millennium, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a Disambar 2003, ku ga masoya a kan tabarmar haya suna raba gwangwanin lemo. Soyayyar ma a nan sai da kasafi. Wani abokinmu yana son wata yarinya a Nyanya, daga Gwagwalada sai ya ratsa birnin gaba ɗaya ya fita ta ɗaya gefen, ga cunkoson hanyar Mararraba. Ba faɗa suka yi ba, kuɗin mota ne ya raba su.

Ɗaya daga cikinku ma ya zo ya gani. Taubashina ne, ɗan Gwaggo da ke aure a Kano. Ya bugo waya ya ce, "Kai bawana, gyara mini ɗakin baƙi, ina tafe." Na tarye shi a tashar Zuba, ya sha shadda tana ƙara, ga ƙatuwar jaka rabinta ba komai, wai ta tsaraba ce. Da muka juya muka ba birni baya ya ce, "Ba can ne Abujar ba?" Na ce can ne, mu nan muka yi. Ya kwana a tabarma tsakanin ma'aji da buhun doya. Ya ja ruwa, ya sha gari, mai shayi ya buɗe masa shafi ya rubuta "mai shadda". Na ɗora shi a gaban alon, giya ta yi masa aiki a cinya. Ana gobe zai tafi ya ce in kai shi gari. Ya tsaya a Ƙofar Birni na ɗauke shi, ya tsaya a gaban Babban Masallaci na ɗauke shi, a Jabi ya jingina da wata baƙar jif ya ɗora hannu a kan madubi, na ɗauka uku kafin mai gadi ya ƙaraso. Da safe ya ranci kuɗin mota a wajena ya tafi.

Jiya Gwaggo ta bugo. Ta ce ta ga hotuna, ta ga motata, Allah ya sanya alheri, amma ba ta ji daɗin yadda nake ɓoye wa dangi samu ba. Ta ce ba ta son komai, atamfa turmi biyu kawai, sai kuma in an fara rabon kujerun Makka in tuna ita ta yi mini wankan jego tare da uwata. Na ce, "In sha Allahu, Gwaggo, ana kan magana." Na ce ta ba ni ɗan nata. Na tambaye shi kuɗin motata, ya ce in cire a cikin kason da ake ba mu.